Ranar da Baba Ya Yanke Wuyan Mutanensa

'Yan uwa masu karanta ni, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau har da ƙaryata a ciki, kuma ban gama shawarar ko zan tuba ba tukuna.

Wadda ta shigo yanzu, sunana Zahara'u, a Madarumfa nake, unguwar da ke gangarawa bakin tabki. Inna na suyar ƙosai a tasha, Baba na da lambun albasa da tumatir, ni kuma tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, ɗinki nake yi a gida. Saurayin da muke magana a kansa sunansa Abdoul Aziz, ɗan Maraɗi, irin masu yi wa manyan motoci zane da rubutu a baya. Ba ya shaye-shaye, ba ya ƙarya, yana gaida manya har ƙasa. Damuwata da shi ɗaya ce tak. Ban sani ba ko ni yake so, ko takardun Babana.

Na san wasunku sun fara dariya, to ku ji yadda ya shigo gidanmu.

Wata ranar kasuwa aka kira shi ya rubuta allon wani shago a nan garin. Yunwa ta kama shi, ya sayi ƙosai wurin Inna, ta naɗe masa a takarda kamar kowa. Ya cinye, ya zo goge hannu, sai ya ga zanen wani mutum a kan amalanke yana jan kunnen jaki, ga magana ta fito daga bakin jakin a cikin wani ɗan zagaye. Ya koma ya ƙara sayen ƙosai. Ya sake komawa. Inna ta ɗauka ciwon yunwa gare shi, sai da ta lura yana raba wa masu jiran mota ƙosan, yana ninke takardar yana sawa a aljihu.

Takardun nan ragowar littattafan zane ne da Baba ya yi tun yana saurayi, zamanin da ake bin ƙauyuka ana koya wa manya karatu. Wata 'yar maɗaba'a a Maraɗi ce ke buga su. Labarin wani mai amalanke ne da jakinsa mai taurin kai, ana dariya ana koyon gyaran rijiya da adana iri. Da aikin ya mutu aka bar wa Baba buhunan da ba a raba ba, suka yi shekaru a ƙuryar ɗaki, har ranar da Inna ta gano ba su yagewa in mai ya taɓa su. Baba bai hana ba. Shi ya ajiye zane tun kafin a haife ni, bayan wani wa'azi da ya ji a kan masu zana abu mai rai. Yau in ka ce Malam Ɗan Azumi, sunan Baba ke nan, kowa albasa zai tuna.

Inna ce ta kwatanta wa Abdoul Aziz gidan. Ya yi sallama, aka ce in kai wa baƙo ruwa. Ya kalle ni, wannan ba zan musa ba. Amma kallo iri-iri ne. Akwai wanda ake yi wa mace, akwai kuma wanda ake yi wa ƙofar gidan da ake son shiga, ni kuwa ban iya rarrabewa ba ranar.

Daga nan ya fara zuwa zance. Bayan la'asar sai ka ji ƙarar motonsa, babur ɗin da yake hawa. Shadda ruwan toka a goge, hula a karkace, turare ya yi iya ƙoƙarinsa amma warin fenti na leƙowa ta ƙarƙashi, gefen farcensa kullum da shuɗi ko ja. Ni kuma kun san hali. Wanka, kwalli, lafayata mai ruwan zuma da aka kawo min daga Jibiya, 'yan kunne masu lilo, in fito zaure ina taka ƙasa kamar ina tausayinta.

"Kin yi kyau," sai ya ce.

"Na gode."

"Baba ya dawo daga lambu?"

Shi ke nan rabona. Sauran hirar ta jaki ce.

Da naci da ladabi ya gano cewa ban da na bugawa, akwai ainihin waɗanda Baba ya zana da hannunsa, suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Baba ya yi ta kauce masa, rannan dai ya gaji ya jawo akwatin zuwa zaure.

"Ku duba," ya ce, "amma ba a gabana ba." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Abdoul Aziz ya wanke hannu kafin ya taɓa. Mutumin da ke cin tuwo da fenti a yatsa. Na zauna gefen tabarma ina gyara lafaya ina jira a tuna da ni.

Na saman farar takarda ce mai santsi, layi a miƙe, baƙi wuluk. Ni su suka burge ni, na ce masa waɗannan sun fi kyau.

"Waɗannan na ƙarshe ne," ya ce. "Nan an ba shi alƙalamin ƙarfe da tawadar kanti, an kuma ba shi littattafan Turawa shi gani. Hannun ya ƙware, amma idon ya fara aro. Dubi ƙirjin manomin ga. Kin taɓa ganin manomi a garin Sarkin Yamma da ƙirji haka, a watan da rumbu ya yi ƙasa?"

Na yi dariya ban shirya ba.

Ya yi ta ɗagawa har ya kai ƙasan akwatin, inda wani ɗauri yake da aka ɗaure da tsumman atamfa. Takardun sun yi ja, wasu ma bayan buhun siminti ne aka yanka. Tawadar ba baƙa ba ce sosai, irin ta makarantar allo ce da ake haɗawa da ƙaro. Muryarsa ta sauka kamar mun shiga gaida mara lafiya.

"Ga na farko. Da alƙalamin kara ya yi su, shi ya sa layin ke kumbura yana ramewa. Lura da wani abu, kowa ya ɓoye hannunsa. Wanga a aljihu, waccan a bayan tulu, wancan a cikin riga. Kin san dalili?"

"Sanyi ake yi?"

"Bai iya zana hannu ba tukuna. Ɓoyewa yake. Amma dubi ƙafa."

Wata mata ce ɗauke da tulu tana fitowa daga tabki. Kafaɗa ɗaya ta sauka, wuyan ya ɗan karkace, ƙafar baya ta nutse cikin laka, ka rantse za ka ji ƙarar zarowarta. Fuskar ba wata fuska ba ce, ɗigo biyu da ɗan layi. Amma gajiyarta har cikin bayana na ji ta.

"Wanda ya zana wagga bai taɓa ganin littafin kowa ba," in ji shi. "Bakin tabki ya zauna."

Ya nuna min wani shafin da ɗakunan labarin, 'yan akwatunan da ake zana kowane hoto a ciki, suka fara daga dama suka yi hagu, don Baba da ajami ya saba. Wai haka aka buga shi karon farko, masu koyon boko suka bi ta hagu, suka ga mutum ya tashi daga cikin rami ya faɗa sama kan amalanke. Ya nuna min zagayen maganar, wanda Baba ke yi kamar ƙoƙo da ɗan hannun ludayi yana nuna bakin mai magana. Yana bayani idonsa na ƙyalli, ni kuma na ga dama ta samu.

"Ni fa," na ce, ina wasa da bakin lafaya, "in da zane ce ni, cikin na sama zan faɗa ko na ƙasa?"

Wallahi bai ji ba. Ya ɗaga wata takarda yana hango ta a hasken ƙofa.

Abin haushin, ya shafa min ciwon. Washegari na je kai wa Baba abinci lambu, na ga wata mata ta fito daga ruwa da bokitin roba a kai, kafaɗa ɗaya a sauke. Na tsaya ina kallon ƙafarta kamar wata sakarai har ta ce, "Ɗiyar Malam, lafiya?"

Haka muka yi ta tafiya, damina ta wuce, aka yi girbi, tabki ya fara ja da baya. Unguwa kuma ta fara lissafi.

Ni ce ɗiyar fari, don haka Inna ko sunana ba ta kira, balle ta zaunar da ni kan zancen aure. Abin da ta iya shi ta yi, ta aika saƙo garin Safo, wurin dangin Baba. Ranar Asabar sai ga Goggo Dije, yayar Baba, ta sauka daga kabu-kabu da ƙullin daddawa da buhun wake, tana faɗa da mai moton kan ramukan hanya kamar shi ya haƙa su. Ko fura ba ta gama sha ba ta kira ni ɗaki.

"Yaron ga mai warin kalanzir, mi yake nema?"

"Fenti ne, Goggo."

"Ko mi ne ne. In ke yake so, shi turo manyansa. In takarda yake so, a auna mishi a tiya shi tafi."

"Goggo, ai ba a korar mutum haka."

"Wa ya ce kora? Tabarmar zauren ga ce ta gaji. Ɗan Hafsa mai shagon butik ya tambaya, anka ce kina da tsayayye. Wani malamin lakwal ya tambaya, anka ce kina da tsayayye. Tsayayyen da ya tsaya har ya yi saiwa. Ki gaya mishi Juma'a mai zuwa. In an sauko masallaci ban ga goro ba, ni da kaina zan naɗe tabarmar."

Na shiga ɗakina na rufe labule. Na ɗauki vokal, saƙon murya, na goge, na sake ɗauka na goge, saboda kamar mai roƙo nake fita a ciki. A ƙarshe na rubuta kawai: "Goggo ta zo. An ce ka turo manya ranar Juma'a, in kana da niyya."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba.

"Na ji. In sha Allahu."

Kafin in gama auna nauyin wannan in sha Allahun, wani saƙon ya shigo. Hoto ne da ya ɗauka ranar akwati, ya zuƙo kan jakin. A ƙasa ya rubuta: "Kin lura kunnen hagu shi ke faɗin abin da jakin ke tunani?"

Na wurga wayar kan katifa. Ku gaya min, ke da ke karantawa, da ke ce mi za ki yi?

Ranar Litinin da hantsi na fito shanya, sai na ga Baba bai tafi lambu ba. Yana zaune gindin dogonyaro a tsakar gida, akwatin a buɗe gabansa, tabarau a kan hanci, jan bik na rubutu a hannu. Na yi murna, na ɗauka zane ya koma. Na matso.

Takarda ce a kan cinyarsa, mai amalanke na tsaye yana ɗaga wa jaki sanda. Baba ya ɗora bik a wuyan mutumin ya ja jan layi, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya koma kan jakin ya ja. Ya ajiye ta a hagunsa, kan wasu da yawa, ya ɗauko wata.

"Baba, mi kake yi?"

"Gyara."

"Gyaran mi?"

Bai ɗago ba. "Na ga yaron ga na son su. In Allah ya yi abin, da akwatin ga za a kai ki, ni ba ni da abin da ya fi shi da zan ba shi. To ba ni aika ki ɗakin da mala'iku za su tsaya a bakin ƙofa. Na tambaya, anka ce in an raba kai da gangar jiki, ya tashi daga mai rai. Kin ga kowa ya huta."

Yana faɗa yana murmushi, irin na mutumin da ya daɗe da ƙaya a ƙafa yau ya samu mai cire masa. Ba ya sa komai ya daidaita layin, amma kowane a miƙe yake fita. Bai bar kowa ba. Mata a bakin rijiya, yara, kaji, har wani ɗan ƙadangare da ke leƙe a kusurwa. Da ya zo kan wani masunci riƙe da tarwaɗa, ya yanke masuncin, sai ya tsaya yana juya takardar.

"Dije, kifi ina wuyansa yake?"

Goggo na tsintar wake, ko kallo ba ta yi ba. "Inda kake sa wuƙa."

Ya gyaɗa kai ya ja.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu yana ɗiga a ƙafata. Tunani biyu suka zo min tare, kuma zan faɗa muku su yadda suke. Na farko, in ɗauki waya in kira Abdoul Aziz ya zo ya roƙi Baba. Na biyu ya fi na farko wayo. Ya ce min, Zahara'u, watanni kina neman ma'auni, ga shi Allah ya kawo har tsakar gida. In takardun sun lalace, abin da ya rage a gidan nan ke ce. In ya zo Juma'a, ke ya zo wa. In bai zo ba, kin huta da zama kishiyar jaki.

Na bi na biyu. Na shanya zanena, na ma kawo wa Baba ruwa.

Amma ina kallon na cikin akwati na raguwa, tulin hagu na ƙaruwa, sai na kasa barin wurin. Ba don Abdoul Aziz ba. Matar nan mai tulu nake tunawa. Wuyanta da ya karkace saboda nauyi, nan bik ɗin zai bi.

Aka kira azahar, Baba ya rufe bik ya sa a aljihu ya fita. Goggo ta shiga alwala. Na durƙusa gaban akwatin na zura hannu har ƙasa, na zaro ɗaurin nan mai tsumman atamfa, na tura cikin zanena. Na sa shi a baƙar leda na ɗaga katifa na danna. Baba ya dawo ya ci gaba da aikinsa har ya ga ƙarfen ƙasan akwati, ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da komai ya rufe.

Washegari da la'asar moto ya tsaya. Ban yi wata kwalliya ba, atamfata ta gida da hijabi ruwan ƙasa. Baba da kansa ya tare shi a zaure, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in tsaya in ji.

"Abdul Azizu, na ga kana girmama aikin ga fiye da yadda ni na girmama shi. In Allah ya ƙaddara, naka ne. Na ma gyara maka su."

Ya buɗe akwatin.

Ina kallon fuskarsa. Ya ɗauki ta farko. Ya ɗauki ta biyu. A ta uku yatsansa ya bi jan layin a hankali kamar zai goge, ya ga ba ya gogewa. Ya haɗiye miyau, kunnuwansa har motsi suka yi. Baba ya yi masa bayanin mala'iku tiryan-tiryan, yana jiran godiya.

Ɗan halak, ya ba shi. Ya sauko daga tabarma ya durƙusa.

"Allah shi saka da alheri, Baba. Allah shi ƙara girma."

Bai iya ci gaba da ɗagawa ba, ya mayar da murfin. Ko ruwan da na kawo bai sha ba ya ce yana da aiki a Maraɗi. Na raka shi wurin moto. Ya daɗe yana neman makulli a aljihun da makullin yake.

"Kina gida anka yi wanga?"

"Ina gida."

"Ba ki kira ni ba."

"Da na kira ka, mi za ka ce wa Baba? Shi bar mala'iku a waje?"

Ya zaro makullin. Can ya ce, a hankali, "Har na ƙasan? Na alƙalamin kara?"

Nan ne wurin, 'yan uwa. Na dubi tsakiyar idonsa.

"Duka."

Ya runtse ido.

"Ka ga yanzu ba sauran abin kallo a gidanmu," na ce. "Sai ni."

Ya buɗe ido ya dube ni, kallo mai tsawo, tun daga hijabi har silifas. Tunda muke bai taɓa yi min irinsa ba, kuma ban gane ko so ne ko tsana ba. Ya buga moto ya tafi, ko sai an jima babu.

Daga nan waya ta mutu. Ba wai caji ya ƙare ba, ina ganinsa a kan layi. Na rubuta "Ka isa lafiya?" ya karanta, shiru. Na sa hoton faɗuwar rana a tabki a status, kowa ya kalla har mai gyaran kekena, ban da shi. Laraba ta wuce, Alhamis ta shigo.

"Yau mai kalanzir bai zo ba?" in ji Goggo, tana tauna goro. "Ko jakin ne ya mutu ake zaman makoki?"

Inna kuwa sai ta ƙara min tsokar kifi a kwanona.

Da rana in kowa ya kwanta, sai in ɗaga katifa in kwance ɗaurin. Na gano abubuwan da ko shi bai nuna min ba. A wani shafi Baba ya gwada zana hannu a gefen takarda, ya yi ta yi har ƙasa, duk kamar tushen rogo, a ƙarshe ya ja tsaki da alƙalami ya soke. Na yi dariya, sai kuma hawaye. Na yi ta tunanin saurayin da ya zauna bakin tabki da buhun siminti yana fama da yatsu, yau shi ne tsohon da ke min faɗa in na bar ƙofa a buɗe. Na kuma ce wa kaina, in Abdoul Aziz bai zo ba, ashe ni na kore shi da bakina, a kan abin da ni ma yanzu nake ɓoyo kamar zinariya.

Juma'a. Goggo ta ɗaure kayanta tun da safe ta ajiye a bakin ƙofa inda zan gani. Aka tafi masallaci, aka sauko. Maza suka wuce ta ƙofar gida da dardumarsu a kafaɗa, ƙarar takalma ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Ni ina bakin turmi ina surfa wa Inna waken gobe, ɗankwali a karkace, dusa har gira. Goggo ta miƙe ta gyara zane ta nufi zaure.

"To, bari in naɗe."

Ba ta kai ba aka yi sallama, muryar da ba mu sani ba, mai kauri. Baba ya fita. Na ji ana "Alhaji Yahaya ne, ƙanen mahaifin Abdoul Aziz, daga Maraɗi", ana gaisuwa ana maimaitawa. Goggo ta leƙa ta tsagar ƙofa, ta ga dattawa biyu da manyan riguna, ga ƙullin goro da kwalin alawa an ajiye kan tabarmar da ta gaji. Ta juyo da sauri ta kwance kayanta ta zaro sabon mayafi.

"Ni dama tun da na ji motonsa na san ɗan mutunci ne. Ke kuma ki shige ɗaki da wannan fuska taki kamar an tono ki."

Na shige, tabarya ma a hannu na tafi da ita. Wayar na haske a kan katifa.

"Kwanakin ga haushin gidanku nake ji, har da ke. Na ce ba ni ƙara bin hanyar Madarumfa. Jiya mai wata babbar mota ya ce in rubuta mishi HAƘURI a baya. Na gama na ja baya in duba, na ga ZAHARA'U na rubuta, har da furanni. Sai da na sake fentin ƙofar gaba ɗaya, yaran gareji na ta dariya. Baffa ya iso?"

Na zauna a bakin gado na karanta, na sake karantawa. Na rubuta, "Ya iso." Na sa fuskata cikin filo don kada Goggo ta ji.

Can wani saƙon ya shigo.

"Na haƙura da su. Amma da ma ko matar nan mai tulu ta tsira."

Ina zaune a kanta. Tsakanina da ita katifa ce kawai. Na rubuta "Ta tsira", yatsana na kan wurin aikawa, sai aka yi gyaran murya a bakin labule. Baba ne, ya shigo ɗaukar hularsa ta fita kunya. Bai leƙo ba, daga waje ya yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Zahara'u."

"Na'am, Baba."

"Ki fidda su daga leda, zufa za su yi su manne. Tsakanin zannuwa ake sa takarda, a rufe."

Na miƙe zumbur. "Baba, ai ni... in kawo maka ne ka..."

"Ni abin da na tarar cikin akwati na gyara," ya ce. "Wanda ban tarar ba, ban gan shi ba."

Na ji takunsa ya koma zaure, aka ci gaba da gaisuwa daga inda aka tsaya.

Na ɗaga katifa na zaro ledar, na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya tsakanin zannuwana na biki, mai tulu a can ƙasa. Na dawo kan wayar, kalmomin biyu na nan suna jirana, shi kuma yana kan layi.

Na goge su. Bari dai a shafa fatiha tukuna.